Daga Gas zuwa Famfon Zafi: Me Ya Sa Ƙananan Garuruwan Ostareliya Ke Sauya Hitar Ruwan Wanka?

Shin da gaske ne na'urar nan da ake kira famfon zafi tana dumama ruwan wanka da sulusin wutar da hita ta gargajiya ke sha, ko kuwa zaƙin bakin 'yan talla ne? In kuma gaskiya ne, me ya sa wani ya saka ta yana sambarka, maƙwabcinsa kuma ya saka yana cizon yatsa? Wannan ita ce muhawarar da ake yi a ƙananan garuruwan jihar Biktoriya da ke kudu maso gabashin Ostareliya, inda dumama ruwa ke cinye kaso mai tsoka na makamashin da gida ke amfani da shi, kuma inda gas ɗin bututu da aka dogara da shi shekara da shekaru ya fara janye jiki.

Amsar a taƙaice ita ce, lissafin gaskiya ne. Sai dai ribar ba a cikin kwalin na'urar take zuwa ba. Tana rataye ne a kan girman tankin da aka zaɓa, da inda aka girke shi, da lokacin da aka sa shi ya yi aiki, da irin ruwan garin, da kuma wanda zai zo gyara ranar da ta tsaya.

Abin da ya taso da maganar

Biktoriya ce jihar da gidajenta suka fi dogaro da gas a duk ƙasar. Tun 1969 ake turo shi daga rijiyoyin da ke ƙarƙashin tekun Bass Strait, yana da araha, har mafi yawan gidaje suka ɗora girki da dumama ɗaki da ruwan wanka a kansa. Yanzu rijiyoyin sun tsufa, abin da suke bayarwa yana raguwa, kuma hukumar AEMO mai kula da kasuwar makamashi ta sha yin gargaɗin cewa za a iya samun ƙarancin gas a lokutan sanyi masu zuwa.

Gwamnatin jihar ta fitar da taswirar barin gas a 2022. Daga 1 ga Janairun 2024 aka daina haɗa wa sabbin gidajen da ke buƙatar izinin tsara gini bututun gas. A tsakiyar 2025 kuma aka sanar da cewa daga 1 ga Maris na 2027, duk hitar gas ɗin bututu da ta mutu murus, ba za a maye gurbinta da wata ta gas ba, sai da ta lantarki. Mutane da yawa sun fahimci dokar a baibai. Ba a ce a cire hitar da ke aiki ba, ba a hana gyara ta ba, kuma masu amfani da gas na tukunya ba su shiga ciki ba.

A karkara abin ya ma riga dokar isowa. A 2025 kamfanin Solstice Energy ya sanar da cewa zai rufe layukan gas ɗinsa a garuruwa 10 kafin ƙarshen 2026, cikinsu har da Swan Hill da Kerang da Maldon da Heathcote da Terang da Orbost da Lakes Entrance. Waɗannan garuruwa ba su da babban bututu. A mota ake kawo musu gas ɗin a matse, a juye a wata tasha a bakin gari, sannan ya bi ƙananan bututu zuwa gidaje. Masu amfani da shi ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba, kuɗin jigila kuwa bai san yawan kwastoma ba.

An riga an ga irin haka a Esperance, wani gari a gaɓar kudancin jihar Ostareliya ta Yamma, mai nisan kusan kilomita 700 daga Perth, babban birnin jihar. Da tashar wutar garin ta daina sayen gas ta bututun, sai kamfanin rarrabawa ya ga sauran kwastomomi kusan 400 ba za su riƙe shi ba. An rufe layin a ƙarshen Maris na 2023, gwamnatin jihar ta ware dala miliyan 10.5 na Ostareliya, kamfanin wuta na Horizon Power ya jagoranci sauyin, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na gidajen suka koma lantarki. Darasin da ke ciki a fili yake: kuɗin kula da bututu ba ya raguwa don mutane sun ragu, waɗanda suka rage ne ake raba wa. Garin da ya fi ƙarancin jama'a shi ke fara jin nauyin.

Yadda famfon zafi ke aiki

Hita ta gargajiya tana da ƙarfe mai ɗaukar zafi a cikin tanki. Wuta ta bi ta cikinsa, ya yi zafi, ruwa ya ɗauka. Yunit ɗaya na wuta, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, yana ba da yunit ɗaya na zafi. Ba ya wuce haka, ko wane kamfani ne ya ƙera ta.

Famfon zafi ba ya ƙirƙirar zafi, ɗebo shi yake yi daga iskar waje ya zuba a cikin ruwa. Injin firij ne da na'urar sanyaya ɗaki, aka juya masa fuska. Duk wanda ya taɓa bayan firij ya ji ɗumi ya riga ya ga aikin: zafin da aka ciro daga cikin firij ne ake zubarwa a baya. A nan kuwa wannan zafin shi ake so.

Kayan cikinsa huɗu ne. Akwai siraran bututu masu fikafikan alminiyam da fanka ke hura wa iska. A cikinsu akwai sinadarin sanyaya, wanda ke tafasa ya zama tururi ko da a sanyin da ya gaza sifiri, kuma garin zama tururin yake zuƙe zafin iskar, kamar yadda ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa ke bushewa ya tafi da zafin abin da ke ciki. Daga nan kwamfireso ya matse tururin, matsin ya ɗaga zafinsa ya wuce na ruwan tanki. Sai ya bi ta bututun da ke naɗe a jikin tankin ko ta wani akwatin musayar zafi, ya sauke zafin a ruwa, ya koma ruwa-ruwa. A ƙarshe ya ratsa wani matsattsen bawul, matsinsa ya faɗi, ya yi sanyi ƙalau, ya koma wurin fanka. Wutar da ake biya ta juya kwamfireso da fanka ce kawai. Shi ya sa yunit ɗaya ke kawo yunit 3 zuwa 4 na zafi.

Iri biyu ake sayarwa. Akwai mai haɗe, inda injin ke zaune a kan tankin kamar hula. Ya fi araha da saurin girkawa. Akwai mai rabe, inda injin ke gefe, bututu biyu suka haɗa shi da tanki. Ya fi tsada, amma galibi ya fi shiru da ƙarfi, kuma in ɗaya ya lalace ba sai an zubar da ɗayan ba.

Sinadarin ma ya bambanta. Tsofaffin irin su R134a da R410A, in suka tsiyaye, suna dumama sararin samaniya fiye da iskar kabon sau 1,430 da sau 2,088. Sabbin na'urori sun koma R290, wato furofen, da R744, wato ita kanta iskar kabon ɗin. Furofen yana kama wuta, don haka akwai tazarar da ake bari tsakaninsa da soket ko bakin magudana. Mai iskar kabon yana aiki da matsi mai yawa, ya fi tsada, amma ya yi suna wajen jure sanyi.

Lissafin wuta da kuɗi

Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16. A ɗauki gida mai mutum huɗu da ke shan lita 200 na ruwan zafi a rana, ruwan famfo yana shigowa a digiri 15, ana kai shi 60. Lita 200 sau digiri 45 sau 1.16 ya ba da kusan yunit 10.5 a rana, wato wajen 3,800 a shekara, ban da zafin da ke sulalewa ta jikin tanki. Famfon zafin da ke ba da uku da rabi a kan kowane yunit zai yi wannan aikin da yunit 3 a rana, kimanin 1,100 a shekara.

In aka ƙaddara yunit a kan santi 30, tsohuwar hita ta ci kusan dala 1,150, sabuwa kuma 330. Wannan ne lissafin da ake bugawa a takardun talla. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Gidaje da yawa a karkara suna da tsohuwar hitar a kan wani layi na daban da ke kawo wuta da tsakar dare a farashi mai rahusa. In wancan layin santi 20 ne, abin da suke biya a da wajen dala 770 ne, ribar sauyin ta faɗo daga 800 da ɗoriya zuwa 400 da wani abu. Riba ce har yanzu, amma shekarun mayar da kuɗin saye sun kusa ninkawa.

Wanda ya fi kowa cin moriya shi ne mai gas na tukunya. Tukunyar kilo 45 tana ɗauke da kimanin megajul 2,200, wato ma'aunin da ake auna makamashin gas da shi. Waɗancan yunit 10.5 sun yi daidai da megajul 38, in aka ƙara abin da ke fita ta bututun hayaƙi ya kai wajen 47. Ke nan tukunya ɗaya ba ta cika kwana 50 a irin wannan gida, ga kuɗin haya, ga na kawowa. Mai gas ɗin bututu kuwa yana da wani kuɗi na kullum da ake caja ko bai kunna komai ba, kuma wannan ba ya tafiya sai an rabu da gas gaba ɗaya. Wanda ya sauya hita ya bar murhun girki a kan gas, rabin ribar ya samu.

Kuɗin saye da girkawa kafin tallafi yakan fara daga wajen dala 3,000, masu rabe na iskar kabon su haura 6,000.

Girman tanki da lokacin aiki

Ƙa'idar da masu aikin famfo ke bi ita ce lita 50 ga kowane mutum a rana. Ga inda ta fito: kan shawa mai tsimi yana zubar da lita 9 a minti, wankan minti 8 ya ci lita 72 a digiri 40, kuma daga ciki lita 40 ce ta tanki, sauran ruwan sanyi ne da aka surka. Tsohon kan shawa mai zubar da lita 18 a minti zai ninka wannan. Saboda haka kafin a sayi babban tanki, a fara duba kan shawar. Sauya shi bai kai kuɗin cefanen mako ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen ƙaramin tanki. Hitar gas mai dumamawa nan take ba ta ƙarewa, mutane sun saba da haka. Famfon zafi kuwa a hankali yake aiki. Ƙaramin inji mai ba da kilowat 2 na zafi yana buƙatar fiye da awa biyar kafin ya mayar da lita 200, babba mai kilowat 4.5 kuma kusan awa biyu da rabi. Gida mai mutum huɗu ko biyar, tanki mai lita 270 zuwa 315 ya fi dacewa da shi. In aka saka mai 170, ruwa zai ƙare a wankan mutum na uku, sai a danna maɓallin gaggawa, ƙarfen taimako da ke cikin wasu tankunan ya kama aiki. Daga lokacin an koma hita ta gargajiya, an kuma biya kuɗin famfon zafi a banza.

Lokacin aiki ma yana da muhimmanci, kuma a nan ne al'adar da aka gada ta zama cikas. Tsakar dare ita ce lokacin da iska ta fi sanyi, wato lokacin da injin ya fi wahalar samun zafi, kuma lokacin da ƙararsa ta fi damun masu barci. Ya fi kyau a saita agogonsa ya yi aiki daga wajen ƙarfe 10 na safe zuwa 3 na rana. Iska ta yi ɗumi, kuma in akwai faifan sola a rufi, wutar kusan kyauta ce. Injin bai cika wuce wat 500 zuwa 1,000 ba, ko ƙaramin tsarin sola zai ɗauke shi. Sayar da rarar wutar rana ga kamfani ya daina kawo abin kirki. Tun 1 ga Yulin 2025 babu ma wani mafi ƙarancin farashi da doka ta tilasta wa kamfanonin Biktoriya su biya. Zuba wannan rarar a cikin ruwa ya fi sayar da ita. Tankin ya zama ma'ajiyar makamashi ke nan, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na batir ba.

Inda ake samun matsala

Na farko sanyi. A garuruwan tudu irin su Ballarat da Daylesford, safiyar Yuni da Yuli, lokacin hunturu a can, takan sauka ƙasa da sifiri. Alƙaluman da ke jikin kwali galibi an auna su ne a iska mai ɗumi. A irin wannan safiya injin da ke ba da huɗu zai iya saukowa biyu. Raɓa tana daskarewa a kan fikafikan, ta toshe hanyar iska, dole injin ya dakata ya narkar da ita. Na'ura mai kyau tana yin haka da kanta cikin 'yan mintuna. Mai araha kan miƙa aikin ga ƙarfen taimako da zarar sanyi ya kai digiri 5 ko ƙasa. Tambayar da ya kamata a yi wa mai sayarwa ita ce: a wane digiri kwamfireso ke tsayawa, kuma nawa yake bayarwa a lokacin sanyi? Tsarin tallafin tarayya ya ware yankin sanyi na musamman, ba kowace na'ura ce ta ci jarrabawarsa ba.

Na biyu ruwa, kuma wannan ne mutanen birni ba su cika tunawa da shi ba. Gidajen gona da yawa suna shan ruwan rijiyar burtsatse, wani mai zartsi, wani mai yawan alli. Irin farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi, shi ne ke taruwa a cikin siraran hanyoyin akwatin musayar zafi har ya toshe su. Ruwa mai gishiri kuma yana cin tankin ƙarfen da ba ya tsatsa ta wurin walda. Kusan kowane kamfani ya rubuta iyakar gishiri da alli da tsamin ruwan da garantinsa ya amince da su, a ƙananan haruffa. A kai ruwan a gwada kafin a saya. Inda ruwa ke da nauyi, tanki mai rufin tangaran a ciki, wanda bututun zafi ke naɗe ta bayansa ba ya taɓa ruwan, ya fi daɗewa.

Irin wannan tankin yana da wata sanda ta magniziyam ko alminiyam a ciki, wadda aka saka don tsatsa ta ci ta maimakon jikin tankin. Ana duba ta duk shekara uku zuwa biyar. In ta cinye ba a sauya ba, tankin ne zai biyo baya. Bawul ɗin da ke sakin ruwa in zafi ko matsi ya yi yawa kuma, ana ɗaga hannunsa duk wata shida don kada ya ƙame, a sauya shi wajen shekara biyar.

Na uku wurin girkawa. Injin yana buƙatar iska mai yawa tana shiga tana fita. In aka cusa shi a lungu ko ƙaramin ɗakin ajiya, sanyin da ya fitar shi zai sake zuƙa, aikinsa ya lalace. Ƙararsa tana tsakanin desibel 37 da 55 gwargwadon iri, bambancin kuwa babba ne a kunne. Kada a sa shi ƙarƙashin tagar ɗakin kwana, naka ko na maƙwabci. Tanki mai lita 315 in ya cika yana kai kilo 400, sai da daɓen kankare mai kyau. Yana kuma zubar da ruwan raɓa, lita da yawa a rana mai laima, wanda dole a ja shi da bututu zuwa magudana, ba a bar shi yana jiƙa gindin bango ba. A naɗe bututun ruwan zafi da abin riƙe ɗumi, kuma a girke tankin kusa da banɗaki da kicin gwargwadon iko.

Digiri 60 a tanki, 50 a famfo

Wasu kan so rage zafin tanki don tsimi. Ganganci ne. Ƙwayar cutar Legionella, mai haddasa mummunan ciwon huhu, tana hayayyafa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, kuma ta cikin feshin shawa ake shaƙarta. Shi ya sa ƙa'idar ƙasar ta ce ruwan ajiya ya riƙa kai digiri 60. Wasu na'urorin kullum suke yi, wasu sau ɗaya a mako bisa tsarin da aka amince da shi. Amma ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar yaro cikin kusan daƙiƙa ɗaya, alhali mai 50 sai ya ɗauki mintuna. Don haka ake saka bawul mai surka ruwa a bakin tanki, ya sauko da wanda ke zuwa banɗaki zuwa 50. In ruwan wanka ya zama salam-salam bayan sauyi, sau da yawa wannan bawul ɗin ne ya toshe ko aka saita shi ba daidai ba, injin lafiyarsa lau.

Tallafi, da masu cewa kyauta ne

Hanyoyin rangwame uku ne, kuma ana iya haɗa su. Na tarayya takardun shaida ne da ake bai wa na'ura gwargwadon wutar da za ta tsimta; mai girkawa ne ke karɓa ya zare kuɗinsu daga farashi. Yawansu yana raguwa kowace shekara har shirin ya ƙare a 2030. Na biyu shirin jiha ne na Victorian Energy Upgrades, shi ma na takardun shaida. Na uku na hukumar Solar Victoria ne: rabin farashi har zuwa dala 1,000, ko 1,400 ga wadda aka ƙera a ƙasar, da sharaɗi a kan kuɗin shigar gida da darajar gidan. Wannan na ukun sai an nema an samu amincewa kafin a girka, ban da yanayin gaggawa da ke da nasa tsarin.

Tsarin takardun shaida ya haifi wata ɓaraka. Tun da kuɗin takardun yakan kusa biyan farashin na'ura mafi araha, wasu kamfanoni suka bazama gida-gida da kiran waya suna cewa gwamnati na raba hita kyauta. Su girka cikin gaggawa, su kwashi takardu, su yi gaba. Ƙorafi ya yi yawa har jihar ta haramta tallar shirin ta waya daga Mayun 2024, da ƙwanƙwasa ƙofa daga Agusta na shekarar, daga baya kuma ta wajabta wa mai gida biyan aƙalla dala 200 tare da garantin shekara biyar. Araha ba ta ado. A garin da ke da tafiyar awa huɗu daga Melbourne, babban birnin jihar, garantin kamfanin da ba shi da mai gyara a kusa takarda ce kawai.

Masu goyon baya da masu ja

Gwamnatin jihar, ta bakin ministar makamashi Lily D'Ambrosio, hujjarta ita ce ragin kuɗin wata-wata ga iyalai da kuma barin ragowar gas ga masana'antun da ba su da madadinsa. Kamfanonin bututu da 'yan adawa suna cewa an ƙwace wa mutane zaɓi, kuma kuɗin farko ya yi wa talaka nauyi. Suna ƙarawa da cewa har yanzu kaso mai yawa na wutar jihar daga kwal ɗin kwarin Latrobe yake fitowa. Wannan gaskiya ne, sai dai tashar wutar kwal ta Yallourn an tsara rufe ta a 2028, Loy Yang A kuma a 2035, kuma na'urar da ke aiki da rana tsaka tana shan wuta ne a lokacin da sola ta fi yawa a layi.

Ƙorafin ɗaukewar wuta ya fi nauyi a karkara. Guguwar 13 ga Fabrairun 2024 ta jefa gidaje da wuraren sana'a fiye da rabin miliyan cikin duhu, wasu ƙauyukan suka yi kwanaki. Amma mafi yawan hitocin gas masu dumamawa nan take su ma ba sa kunnuwa sai da wuta, kuma gidan da ke jan ruwa daga tankin ruwan sama da injin lantarki ba shi da ruwan ma balle zafinsa. Tankin famfon zafi aƙalla yana riƙe ɗumi kwana ɗaya ko fiye.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ganina ita ce ta 'yan haya da masu ƙaramin ƙarfi. Mai gida ne ke sayen hita, ɗan haya ke biyan kuɗin wuta, don haka mai gida ba shi da abin da zai sa ya sayi mai tsada. Kuma yayin da masu hali ke ficewa daga gas, waɗanda ba su iya fita ba ne za a bari da kuɗin bututu. Sabbin ƙa'idojin gidajen haya da za su fara aiki a Maris na 2027 sun taɓo rabin farko na matsalar. Rabi na biyu yana nan.

Sayen haɗin gwiwa

Wasu garuruwan ba su jira gwamnati ba. A Yackandandah da ke arewa maso gabashin jihar, ƙungiyar sa-kai ta Totally Renewable Yackandandah, wadda aka kafa a 2014, ta sa sauya hitar ruwa cikin ayyukanta tare da sola da batir. Tsarin irin waɗannan ƙungiyoyi kusan ɗaya ne: a tara sunayen masu so, a tantance na'ura ɗaya ko biyu da suka dace da sanyin yankin da ruwansa, a yi ciniki a dunƙule, a bai wa masu aikin famfo da na wuta na garin aikin. Ragin farashin ba shi ne babbar ribar ba. Ribar ita ce gidaje hamsin masu na'ura iri ɗaya sun isa su sa mai gyara na garin ya koyi aikinta, ya ajiye fanka da allon sarrafawa da bawul a shagonsa. Haɗarin kuma shi ne in kwamitin ya yi zaɓen tumun dare, gari guda ne zai kwana a ciki.

Yadda ake yin sauyin

Hitar tanki takan yi shekara 10 zuwa 15, kuma ranar ƙera ta tana rubuce a farantin da ke jikinta. Wanda ya jira sai ta fashe, zai karɓi duk abin da ke cikin motar mai gyara a ranar, domin babu mai yin kwana uku ba wanka a watan Yuli yana kwatanta farashi. Da ta haura shekara takwas, lokacin neman farashi daga wurare biyu ko uku ya yi, a rubuce, da sunan na'ura, girman tanki, irin sinadari, ƙarfin ƙara, da garantin tanki da na kwamfireso da na ladan aiki, kowanne daban. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi ɓoyewa: a ba ka kayan gyara kyauta, ka biya kuɗin zuwa da na hannu.

Aikin kansa rabin yini ne zuwa yini ɗaya. Inda tsohuwar hitar ta lantarki ce, wayar tana nan, sai dai a ciro ta daga layin tsakar dare. Inda ta gas ce, mai aikin wuta zai ja sabon layi daga allon rarraba wuta, kuma tsohon allo mai fis na tangaran yakan buƙaci sauyi, kuɗin da ba ya cikin farashin talla. Mai lasisin gas ne kaɗai ke toshe bututun. A karɓi takardar shaidar aikin famfo da ta lafiyar aikin wuta, domin da su ake neman haƙƙi daga baya. Kafin ma'aikatan su tafi, a sa su saita agogo, su nuna yadda ake kashe ƙarfen taimako, su auna zafin ruwan banɗaki a gaban mai gida.

In hitar ce abu na ƙarshe da ke kan gas, rufe asusu kawai yana tsayar da cajin kullum, amma bututun yana nan da gas a cikinsa har bakin gida. Cire mita da yanke layin gaba ɗaya aiki ne na daban da ake nema ta hannun kamfanin da ke sayar wa gidan gas, kuma a Biktoriya hukumar da ke kula da farashin makamashi ta ƙasa ta ƙayyade kuɗinsa a kan dala 220 kafin haraji a 2023.